Yadda Ake Auna Nasarar Jinyar Masu Shan Miyagun Ƙwayoyi

Rahoton shekarar 2018 na binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa mutum miliyan 14.3 a Nijeriya sun yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi cikin shekara guda, kuma kimanin miliyan 3 daga cikinsu abin ya zame musu ciwo. Gadajen jinya ba su kai ko kusa da wannan adadi ba, kuma akasari iyali ne ke biyan kuɗin daga aljihunsu.

Wannan matsi kan sa a takaita kwanakin jinya, sannan a riƙa ƙirga yawan waɗanda aka sallama a matsayin nasara. Ƙirgen na da sauƙi, amma yana yaudara. Wanke jiki daga tiramol ko kodin kan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu, kuma matakin farko ne kawai. Binciken masana a Amurka ya nuna cewa jinyar da ba ta kai kwana 90 ba, a kwance ne ko ta zuwa a koma gida, amfaninta kaɗan ne. Magidancin da ya sayar da amfanin gonarsa don jinyar mako biyu zai iya sake biya kafin kaka ta zagayo.

Ma'aunin da ya dace shi ne halin da mutum ke ciki bayan wata uku, wata shida da shekara guda. Shin ya daina sha ko ya rage? Yana zuwa ganin likita? Ya koma gona, kasuwa ko makaranta? Ya daina shiga hannun 'yan sanda?

Haka kuma, komawa sha ba ya nufin jinya ta rushe. Tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari kan koma, kamar yadda hawan jini ke tashi idan an saki magani. Abin dubawa shi ne saurin mayar da mutum asibiti. Ɗauri da duka, irin wanda aka bankaɗo a wasu gidajen mari a Kaduna da Daura a 2019, ba ya cikin jinya.

Ana shawartar jami'an lafiya na ƙananan hukumomi da su buɗe rajistar bibiyar waɗanda aka sallama, bisa yardarsu, tare da sakaya sunayensu. Dagatai da masu unguwanni kuwa, su taimaka wajen sama musu abin yi.