Karatun Yara a Gida: Me Doka Ta Ce, Me Jita-jita Ta Ƙara?

Iyayen Maiduguri sun san zaman yara a gida. An rufe makarantun gwamnati a Borno a 2014 saboda hare-haren Boko Haram, annobar korona ta sake rufe su a 2020, ambaliyar madatsar ruwan Alau kuma ta mayar da wasunsu sansanin 'yan gudun hijira a Satumbar 2024. Shi ya sa wasu ke tunanin ɗauko malamin lesin, yaro ya zauna gida gaba ɗaya, maganganu kuma suka yi yawa.

Ana cewa doka ta haramta karatun gida. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ba ta ambace shi ba ko kaɗan. Abin da ta ɗora wa uba ko marikin yaro shi ne ya tura shi firamare da ƙaramar sakandare, shekara 9, har ya kammala. Wanda aka samu da laifin ƙin yin haka, karon farko gargaɗi ne, na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata guda, bayan nan naira 5,000 ko wata biyu. Kuɗin ba shi da yawa, amma laifin yana nan a rubuce.

Masu cewa akwai wani lasisin koyarwa a gida irin na wasu jihohin Amurka kuwa, dokar ba ta tanadi wannan ba. Duk wanda ya kawo maka irin takardar, kai ta ofishin hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha (SUBEB) kafin ka saki ko kwabo.

Batun cewa yaron da bai shiga aji ba ba zai taɓa samun takardar sakandare ba, wannan ƙarya ce. WAEC da NECO duk suna da jarrabawar 'yan waje, ana rajista ba tare da makaranta ba, jami'o'i kuma suna karɓar sakamakon.

Almajirin tsangaya fa? Dokar ta ambaci almajirai cikin waɗanda shirin ilimin bai-ɗaya ya ƙunsa, amma hakan bai ɗauke wa uba nauyin shekaru taran nan ba.

A ganina, uban da ke son ya kwana lafiya ya bar sunan ɗansa a rajistar makarantar da gwamnati ta amince da ita, yaron yana zuwa, malamin gida ya ƙarasa da yamma.