Tiyatar Rage Ƙiba: Me Take Yi wa Sukari da Kitsen Jini?

A wurinmu fatake, teɓa ta daɗe tana matsayin shaidar cewa kasuwa ta karɓi mutum. Amma zaman shago daga safe har magariba, da shayi mai sukari, da lemon kwalba, sun sa da yawa daga cikin sa'o'ina yanzu suna yawo da maganin ciwon sukari a aljihu. Kwanan nan kuma sai ka ji wane ya je Indiya ko Turkiyya ko Masar an rage masa tumbi. Shi ya sa na zauna na bi diddigin maganar, domin kuɗi da lafiya ake sa wa a ciki.

Iri biyu aka fi yi. Na farko, a yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi, a bar shi siriri kamar ayaba. Na biyu, a ware ɗan ƙaramin aljihu a saman tumbi a haɗa shi da hanji kai tsaye, abinci ya tsallake wani sashe. Abin mamaki, sau da yawa sukari kan fara sauka cikin 'yan kwanaki, tun kafin jiki ya rame. Dalili kuwa, bayan raguwar abinci, hanji yana ƙara fitar da sinadaran da ke zaburar da jiki ya samar da insulin.

A asibitin Cleveland da ke Amurka an bi masu ƙiba da ciwon sukari su 150, aka fitar da sakamakon shekara biyar a 2017. Waɗanda sukarinsu ya sauka zuwa mizanin da ake nema: kashi 29 cikin 100 na masu tiyatar tsallake, kashi 23 na masu rage tumbi, kashi 5 kacal na masu magani kaɗai. Kitsen da ke yawo a jini, wanda likitoci ke kira tiraigiliserayid, ya ragu da kashi 40 da kashi 29 ga masu tiyata, amma kashi 8 ga masu magani. Kolestarol mai amfani ya ƙaru da kusan kashi 30. Shi kuwa mugun kolestarol mai toshe jijiya, tiyatar tsallake ta fi rage shi.

To, a lura fa: kashi 29 ba kowa ba ne. Wani dogon bincike a Suwidin ya nuna ciwon sukari ya lafa ga kashi 72 bayan shekara biyu, amma bayan shekara goma kashi 36 ne suka rage a haka. Ciwon yana lafawa ne, yana iya dawowa. Wanda bai daɗe da kamuwa ba, kuma bai fara allurar insulin ba, shi ya fi cin riba.

Kuma ba kowane mai ƙiba ake yi wa ba. Ana raba nauyi a kilo da tsawo a mita, sannan a sake rabawa da tsawon. Mai kilo 110 da tsawo mita 1.70 zai samu 38. Ƙa'idar 2022 ta sa mizanin a 35, ko 30 ga mai ciwon sukari.

Inda gizo ke saƙar gare mu shi ne bayan an dawo gida. Likitan da ya yi aikin yana Istanbul, kai kana Kumasi ko Duwala. Za ka sha sinadarin ƙarfe, da na ƙashi, da bitamin B12 har ƙarshen rayuwa, da gwajin jini lokaci-lokaci. Dole likita ya rage maka maganin sukari, in ba haka ba ya faɗi ƙasa ka suma a hanya. Kayan zaƙi kan jawo jiri da gumi da zawo, musamman ga mai tiyatar tsallake. Uwargida kuma ana so ta jinkirta ɗaukar ciki na wata 12 zuwa 18. Azumi ma sai da shawarar likita.

Shawarata, Alhaji, kafin ka sayi tikiti, nemi likita a garin da kake zaune wanda zai ci gaba da duba ka, ka kuma sa kuɗin magungunan shekaru cikin lissafi. Ai ɗan kasuwa ba ya sayen kaya bai san kuɗin dako ba. Allah ya ƙara mana lafiya.