Manomi, Kare Ƙwaƙwalwarka Tun Kana da Ƙarhi

Ƴan'uwa manoma na Tasawa da Mayahi, in tsoho ya hwara rawar hannu, ko ya manta sunan jikansa, mukan ce tsuhwa ce, wasu su ce sammu. Sau da yawa ciwon ƙwaƙwalwa ne, kuma tun mutum na da ƙarhi yake shiga.

Abin da ya hi damuna shi ne maganin ƙwari. A Faransa, tun 2012 gwamnati ta yarda cewa ciwon rawar jiki da likitoci ke kira Parkinson yana cikin cututtukan aikin noma, ga wanda ya yi shekara 10 yana taɓa maganin. Mu kuwa nan, sai ka ga saurayi yana heshin wake ba riga, iska na maido mishi maganin a huska, ya gama ya sha hura bai wanke hannu ba. Dahin yana bi ta hwata da numhwashi. To, ka ruhe hanci da jiki, ka ba iska baya, ka yi wanka da sabulu bayan aiki. Galan ɗin magani kada ya zama na ruwan sha. Wajen ajiyar wake, buhun PICS mai ninki 3 ba ya bukatar magani.

Sai hawan jini, mai kawo shanyewar jiki da gigin tsuhwa. Hukumar Lahiya ta Duniya ta ce gishirin yini kada ya kai giram 5, wajen ƙaramin cokali guda, har da na cikin magi. Ranar kasuwa, biya likita a auna jininka, ko ba ka jin ciwon komi.