Abin da mafarauci ke dubawa kafin zaɓen bindiga mai ɗura wa kanta harsashi

Bindiga mai ɗura wa kanta harsashi ita ce wadda ke fitar da harsashi ɗaya tak duk lokacin da aka ja kunama, sannan ƙarfin harbin ya tofar da kwanso ya shigar da sabon harsashi. Ta bambanta da mashinga, wadda ke ta aman wuta muddin yatsa na kan kunama.

A Amurka, inda aka fi farauta da ita, tarihinta ya haura shekara ɗari. Kamfanin Remington ya fara sayar da samfurin da John Browning ya ƙera a 1906, yayin da Ruger 10/22, wadda ta fito a 1964, ta shahara wajen farautar ƙananan dabbobi.

Dabbar da za a farauta ita ke tantance girman harsashi. Harsashin .22 ya wadatar ga zomo, amma barewa na buƙatar irin .308 Winchester, domin ƙaramin harsashi kan raunata babbar dabba ne kawai, ta tsere ta mutu cikin azaba. Fa'idar wannan bindiga ita ce saurin harbi na biyu da sauƙin naushi a kafaɗa. Aibinta kuwa shi ne yawan cijewa idan datti ya taru a cikinta.

Sai dai doka ce ke da ta cewa tun kafin zaɓi. Birtaniya ta haramta irin waɗannan bindigogi a 1988, bayan kisan Hungerford, in ban da masu ƙaramin harsashi na .22. Ostireliya ta tsaurara dokarta a 1996, bayan an kashe mutum 35 a Port Arthur.

A Najeriya, Dokar Makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Haramtattu, ciki har da masu harsashin soja na 7.62, sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Bindigogin farauta na zamani na buƙatar lasisin Sufeto Janar na 'Yan Sanda, bindigar toka kuma na Kwamishinan 'Yan Sandan jiha. Faɗin harsashin .308 daidai yake da na 7.62, don haka abin da ya halatta ga mafaraucin Amurka na iya kai na Najeriya gidan yari.