Me ya sa kat memwar ɗinku ba ya nuna jigar da aka rubuta a jikinsa?

Iyalai da yawa a nan Ganou suna zuwa teburin kariya da tambaya iri ɗaya. Mutum ya sayi kat memwar a Parakou ko Djougou, an rubuta 32 GB a jikinsa (wasu kwalaye Go suke rubutawa, da Faransanci), ya sa a kwamfuta sai ta nuna 29 da ɗoriya. Shin an cuce shi ne? Mun ga ya dace mu amsa a nan, domin a cikin waɗannan ƙananan katuna ne da yawanku kuke ajiye hoton takardar rajista, takardun haihuwar yara, katin rigakafi, da hotunan 'yan uwan da aka rabu da su a hanya.

A mafi yawan lokuta ba cuta ba ce. Bambancin mudu ne. Kamfanin da ya ƙera katin yana ƙirga da dubu: jiga ɗaya a wurinsa bayit 1,000,000,000 ne cif. Kwamfuta mai Windows kuwa tana ƙirga da 1,024, saboda lissafinta na ninki biyu-biyu ne, don haka jiga ɗaya a wurinta bayit 1,073,741,824 ne. Ku ɗauka buhun masara ne aka auna da mudu biyu, ɗaya ya ɗan fi ɗaya girma. Masarar ba ta ragu ba, amma babban mudu zai ba da adadi kaɗan. Shi ya sa katin 8 yake nuna kusan 7.4, na 16 kusan 14.9, na 32 kusan 29.8, na 64 kuma kusan 59.6. Wani ɗan wuri kuma katin yana ware shi don tsara inda kowane hoto zai zauna, sai lambar ta ƙara sauka kaɗan. Wannan rigimar tsohuwa ce. A shekarar 1998 hukumar ƙa'idojin lantarki ta duniya, IEC, ta fito da sabon suna, gibi, don a raba ƙidayar biyu, amma mutane ba su karɓe shi sosai ba. A Amurka har kotu aka je, kamfanin Western Digital ya yi sulhu da masu ƙara a 2006. Yanzu in kun duba bayan kwalin kati na gaske, za ku ga an rubuta da ƙananan haruffa cewa 1 GB bayit biliyan ɗaya ne.

Waya kuma nata daban. Wayar da aka ce tana da jiga 32, tsarin Android da manhajojin da suka zo da ita sun riga sun cinye jiga da yawa tun ba ku ɗauki hoto ko ɗaya ba.

Abin da ya fi damun mu shi ne katin jabu, kuma shi ba ya nuna ƙasa da abin da aka rubuta. Yana nuna daidai, ko kusa da haka. An murɗa ƙwaƙwalwarsa ne don ya yi ƙarya: ya ce 64 ko 128 ne, alhali ainihinsa 4 ne ko 8. Da farko komai lafiya lau. Ranar da kayan suka wuce ainihin girmansa, sai sababbin hotuna su hau kan tsofaffi, ko su shiga inda babu komai. Sunan hoton yana nan a jeri, amma in an taɓa ba ya buɗewa. Mutum ba zai sani ba sai ranar da aka nemi takardar a ofis. Kuma abin da aka rubuta a kansa, mai gyara ba ya iya dawo da shi.

Saboda haka, in mai shago ya ce katin 128 kuɗinsa ɗaya da na 8, ku bar masa kayansa. In kun saya, kada ku zuba takardu a ranar. Ku fara cika shi da bidiyo ko karatu har ya kusa cika, ku cire, ku mayar, sannan ku buɗe na farko, na tsakiya da na ƙarshe. In duk sun buɗe, katin na kirki ne. Masu kwamfuta suna da wata manhaja ta kyauta, H2testw, da ke yin wannan gwajin. Yana ɗaukar lokaci, amma gara a yi shi a gaban mai shago.

Takardunku ba sa bukatar babban kati. Hoto ɗaya bai fi mega 3 ko 4 ba a yawancin wayoyi, jiga ɗaya kuwa tana ɗaukar hotuna wajen 250. Ƙaramin kati na gaske ya ishi takardun gida gaba ɗaya. Ku ware shi don takardu kawai, kada ku bar shi a wurin masu zuba waƙoƙi ko masu cajin waya, domin duk wanda ya riƙe shi zai iya kwafe sunayenku da na yaranku. Ku ajiye kwafi na biyu a wayar wani ɗan uwa da kuka yarda da shi. Hoto dai ba ya maye gurbin takardar asali. Ita a naɗe ta a leda saboda damina.

Wanda hotonsa ya ƙi buɗewa, kada ya goge katin, kada kuma ya ƙara zuba komai a ciki. Ya zo da shi teburin kariya tare da takardun da suka rage a hannunsa, mu duba tare.