In Zauna Ko In Tafi? Jagora Ga Mai Bi Da Aka Yi Wa Tayin Wani Aiki

'Yan'uwa da yawa a ikkilisiyoyinmu na Kano suna cin abinci ne daga masana'antun Bompai, Sharada da Challawa: masu tuƙa injin roba, masu aiki a majemar fatu, direbobi, masu gadi, masu lissafin kaya a sito. Tambayar da sukan kawo mana bayan sujada ita ce: "Fasto, wani kamfani ya kira ni, aikin iri ɗaya ne, amma albashin ya fi kaɗan. In tafi?" Sauya aiki ba zunubi ba ne, zama wuri ɗaya kuma ba shi ne ibada ba. Abin da muke so mu nuna shi ne, adadin albashi ƙaramin sashe ne na lissafin. A Luka 14:28, Ubangiji Yesu ya yi misali da mai son gina hasumiya, wanda yakan fara zama ya lissafta abin da ginin zai ci. Bari mu ma mu zauna mu yi lissafi.

Me zai rage a hannunka?

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin mota ya zama babban abokin rabon albashi. Mai zama a Sabon Gari ko Birged yana kusa da Bompai, amma Challawa tana can hanyar Panshekara, sai ya hau A Daidaita Sahu biyu ko uku. A ce an ƙara maka naira 15,000 a wata, amma kuɗin zuwa da dawowa ya ƙaru da naira 600 kullum. A kwana 26 na aiki, naira 15,600 ke nan. Ƙarin ya ƙare a kan titi, ga gajiya, ga dawowa gida bayan yara sun yi barci. Ka kuma tambaya ko akwai motar ma'aikata, abincin rana, asibiti, da kuɗin ƙarin lokaci.

Shekarun da za ka bari a baya

Nan ne yawancinmu ba mu dubawa. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ce idan kamfani zai rage ma'aikata, ƙa'idar ita ce wanda ya zo a ƙarshe shi ne zai fara tafiya, ko da yake ana duba ƙwarewa da amincin mutum. Wanda ya yi shekara takwas a wuri yana da wata inuwa da sabon zuwa ba shi da ita. Ranar da ka shiga sabuwar ƙofa, kai ne na ƙarshe a layi, kuma galibi za ka fara da watannin gwaji.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce a Kano. Dattawanmu suna tuna lokacin da masaƙu ke aiki dare da rana, yau da yawa daga cikinsu sun zama kufai ko rumbun ajiye kaya. Tsadar lantarki da gas na janareta na iya sa injin da ke ruri a wannan wata ya yi shiru a wata mai zuwa. Saboda haka ka bincika lafiyar kamfanin da ke kiranka. Kada ka tsaya ga maganar manaja. Je bakin ƙofa lokacin tashi, ka tambayi ma'aikata: ana biya a kan kari? Sau nawa aka sallami mutane bara? Me ya sa wanda ke kan kujerar da za a ba ka ya tafi?

Wa zai ɗauke ka, kuma da wace takarda?

Sau da yawa ba kamfanin ne ke ɗaukar mutum ba, ɗan kwangila ne ke kawo ma'aikata. Barin aikin dindindin zuwa aikin kwangila saboda ƙarin 'yan dubbai kamar sayar da gona ne a sayi hatsin wata ɗaya. Doka ta wajabta a ba ma'aikaci rubutattun sharuɗɗan aikinsa cikin wata uku da farawa, amma mai hikima yakan nemi takardar ɗauka a hannu kafin ya ajiye tsohon aikinsa. Ka duba fansho: bisa dokar 2014, mai aiki yana zuba kashi 8 cikin ɗari, kamfani kashi 10, kuma asusun naka ne, yana bin ka duk inda ka koma. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa tun 2024 naira 70,000 ne. Idan kuma majema ce ko wurin sinadarai, tambayi kayan kariya. Huhu ba shi da kasuwa.

Gida da ikkilisiya

Masana'antu da yawa suna aikin karɓa-karɓa. Idan sabon aikin zai cinye kowace Lahadi, ya hana ka zumunta da addu'ar iyali, ka sa wannan a ma'auni tun kafin ka amsa. Ka tuna da Yakubu a Farawa 31. Ya yi wa Laban aiki shekara 20, an sauya masa lada sau goma, duk da haka sai da ya kira Rahila da Lai'atu suka yi shawara kafin ya tashi. Maigida, kada matarka ta ji labari bayan ka riga ka sa hannu. 'Yar'uwa mai aiki, haka ke ma. Ku yi addu'a tare, ku nemi shawarar dattijo da ya san aikin kamfani.

Yaushe tafiya ta fi zama?

Akwai lokacin da haƙuri ba shi ne amsa ba. Idan ana riƙe albashi wata da watanni, wasiƙar Yakubu 5:4 ta nuna Allah yana jin kukan ma'aikacin da aka danne wa hakki. Idan ana tilasta maka rubuta lissafin ƙarya, ko ana cire fansho ba a zubawa, ko lafiyarka tana lalacewa, ko ana neman 'yar'uwa da lalata, ƙofar da ta buɗe tana iya zama jinƙan Ubangiji. Amma idan dalilin fushi ne da wani shugaba, ka dakata mako biyu tukuna. Akwai irinsa a ko'ina. Wani lokaci ma zama da manaja a faɗa masa gaskiya yakan kawo ƙarin da ake nema.

In za ka tafi, ka tafi da rana

Kuskuren Yakubu shi ne ya gudu a ɓoye, har Laban ya bi shi da fushi. Kada ka karɓi albashi ranar Juma'a ka ɓace ranar Litinin. Doka ta tsara sanarwa: mako ɗaya ga wanda ya wuce wata uku bai kai shekara biyu ba, mako biyu daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, wata ɗaya daga shekara biyar zuwa sama, sai dai in takardarka ta faɗi fiye da haka. Ka mayar da makulli da kayan aiki, ka biya bashin ƙungiyar adashe, ka nuna wa magajinka aikin, ka yi sallama da kowa.

Masu kamfanonin Kano sun san juna, labari kuma yakan riga mutum isa. Abokan aikinmu, waɗanda yawancinsu maƙwabtanmu Musulmi ne, suna karanta bangaskiyarmu ta yadda muke shiga da yadda muke fita. Bari su ce, "Wannan mutum ya riƙe amana har ranarsa ta ƙarshe." Ubangiji ya ba mu hikima. Amin.