Gyaran Gwiwar Sitiyari a Tsohuwar Mota Mai Jan Ƙafa Huɗu

Gabatarwa

Duk wanda ya saba bin hanyoyin burji da na rairayi, tun daga karkarar Borno har zuwa Agadas, ya san motar nan Toyota Land Cruiser. An ƙera samfurinta mai lamba 40 a ƙasar Japan daga 1960 zuwa 1984, mai lamba 60 ya fito a 1980, mai lamba 70 kuma ya biyo baya a 1984. Da yawa daga cikin tsofaffin nan suna nan suna ɗaukar mutane da kaya. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana wata gaɓa guda a ƙafafun gaban motar, wadda za mu kira gwiwar sitiyari: yadda aka gina ta, yadda take lalacewa, da yadda ake sabunta ta. Za mu dogara ga samfurin 40 da na 60. Abin da muke so mai karatu ya riƙe shi ne, ingancin wannan gyara ya rataya a kan tsabta da awo fiye da ƙarfin damtse.

Ginin Gwiwa

A motar da ƙafafun baya kaɗai ke turawa, aikin ƙafar gaba bai wuce karkata dama da hagu ba. A mai jan ƙafa huɗu kuwa, tilas ne ƙafar gaba ta karkata, kuma a lokaci guda ta karɓi ƙarfin inji. Gwiwa ita ce mahaɗar waɗannan ayyuka biyu.

Aksul ɗin gaba bututun ƙarfe ne guda, mai tukunyar giya a cikinsa, kuma kowane bakinsa ya ƙare da dunƙulen ƙarfe mai siffar ƙwallo, mai rami a ciki. Wani ƙoƙon ƙarfe ya rufe ƙwallon, yana juyawa a kan boris biyu, ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa, kamar yadda ƙyaure ke juyawa a kan maƙalansa. A jikin ƙoƙon aka ɗaura taya da birki da hannun da sandar sitiyari ke ja.

A cikin ramin ƙwallon akwai gaɓar da ake kira Birfield, mai ɗauke da ƙananan ƙwallayen ƙarfe guda 6. Asalin dabararta daga Alfred Rzeppa ne, injiniya a kamfanin Ford na Amurka, a shekarun 1920. Fa'idarta ita ce, ko da an karya kan mota, tana miƙa juyin inji ga taya da gudu ɗaya, ba tare da fizga ba.

Sa'an nan akwai masu gadi biyu. Na farko zoben roba ne a bakin bututun aksul daga ciki, wanda makanikai ke kira oyalsil. Shi ne ya raba man giya mai ruwa-ruwa da ke cikin bututu da giris mai kauri da ke cikin gwiwa. Na biyu kuwa zobba ne na roba da na matsattsen gashi a bayan ƙoƙo, masu share jikin ƙwallo don hana ƙura da ruwa shiga.

Yadda Take Lalacewa

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagar bangon a nan yawanci zoben ciki ne. Idan ya tsufa, man giya sai ya kwararo cikin gwiwa, ya narkar da giris ya koma kamar kunu, ya riƙa tsiyaya ta bayan ƙoƙo. Akwai kuma 'yar ƙofar shan iska a saman aksul. Idan laka ta toshe ta, iskar ciki sai ta kumbura da zafi, ta tura mai ta bakin zoben ko da bai tsufa ƙwarai ba. Ta haka gwiwa ke rasa girisinta, tukunyar giya kuma ta rasa manta.

Boris biyun nan ma suna da tasu larurar. Ba sa zagayawa kamar na taya; ɗan motsi kawai suke yi, kuma mafi yawan lokaci mota a miƙe take tafiya. Saboda haka duk ramin da taya ta faɗa, wuri ɗaya ne ke shan dukan, har 'yan sandunan boris su yi wa mazauninsu gurabe. Daga nan gwiwa sai ta yi sako-sako.

Alamomin kuwa ba su ɓuya. Akwai baƙin mai a jikin ƙwallo da cikin taya. Akwai ƙarar ƙas-ƙas idan an sha kwana ƙafafun gaba na ja. Akwai cinyewar taya ta gefe guda. Mafi muni ita ce karkarwar sitiyari bayan an taka rami da gudu, wadda kan ƙwace mota daga hannun direba. Haka nan man da ya tsiyayo yana iya kaiwa ga birki ya hana shi kamawa. Mota mai ɗauke da mutum goma a hanyar da babu gari kusa, wannan batu ne na rai.

Kwancewa da Dubawa

Da farko a ɗaga mota a tokare ta da matokarin ƙarfe, kada a dogara ga jak kaɗai. A cire taya da birki, sa'an nan murfin cibiyar ƙafa. Kusoshin murfin suna da ƙananan washa masu siffar mazurari waɗanda kan cije. Da guntun tagulla ake bugun kan ƙusa su saki, domin guduma tsirara tana ɓata zare. Bayan haka a kwance manyan noti biyu masu faɗin milimita 54, a zare cibiyar, a cire bututun da take juyawa a kai, a jawo Birfield tare da sandarsa. Daga nan a raba sandar sitiyari da hannunta, a kwance zobban baya, a cire hannun da ke sama da murfin da ke ƙasa, ƙoƙo ya fita.

A ƙarƙashin hannun da murfin za a tarar da siraran fallayen ƙarfe, waɗanda ake kira shim. Lalle ne a ajiye na sama dabam, na ƙasa dabam, na dama dabam da na hagu. Wanda ya cakuɗa su ya jawo wa kansa aiki biyu.

Sai a wanke kome da kananzir har ƙarfe ya fito fes, domin ƙwayar yashi ɗaya a cikin sabon giris ta isa ta soma cin boris. A shafa yatsa a mazaunin boris a ji ko akwai gurabe. A duba ƙwallayen Birfield da kejinsu ko akwai tsaga. A duba wurin da zoben ciki ke gogar sanda. Idan ya yi zurfin da farce ke maƙalewa, sabon zobe ba zai daɗe ba.

Mayarwa da Awo

Ana sake zoben ciki, da zobban baya, da gasket, da boris biyu tare da mazaunansu, ko da wani ya yi kama da mai sauran rai, gama kuɗinsu bai kai wahalar sake kwancewa ba.

Zuciyar aikin tana ga fallayen nan, domin ayyuka biyu suke yi. Na farko, jimillar kaurinsu ce ke ƙayyade yadda boris zai matsu: a rage falle ya ƙara matsuwa, a ƙara falle ya sassauta. Ana gane daidai ta hanyar maƙala ma'aunin rataye, irin na masu awon kaya, a ramin hannun sitiyari, a ja a ga kilo nawa ke motsa ƙoƙo. Ana yin wannan awo kafin a ɗaura zobban baya da sandar sitiyari, kuma littafin kamfani ya faɗi adadin kowane samfuri, wanda bai wuce 'yan kilo kaɗan ba. Idan ya yi sako-sako karkarwa za ta dawo. Idan ya matse da yawa sitiyari zai yi nauyi, boris ya mutu da wuri.

Na biyu, rabon fallayen tsakanin sama da ƙasa shi ne ke tsayar da ƙoƙo a tsakiyar aksul. Idan ya ɗaga ko ya sauka, sanda za ta danne zoben ciki ta gefe guda, yoyo ya dawo ba da jimawa ba. Don haka abin da aka rage a sama, a rage kwatankwacinsa a ƙasa.

Birfield da cikin ƙoƙo baƙin giris mai sinadarin molibdinam suke so, a cika wajen kashi 3 cikin 4 na ramin, a bar wa iska wuri. Boris ɗin taya kuwa nasa girisin dabam ne. A nan ya kamata a lura cewa tsohuwar Land Rover, ko da yake gwiwarta ta yi kama da wannan, man giya aka tsara a zuba mata. Kada a ɗauki ƙa'idar wannan mota a ɗora wa waccan. Daga ƙarshe a sa sabon washan kulle tsakanin manyan notin, a buɗe ƙofar shan iska, a sake man tukunyar giya, sa'an nan a sake gwada kusoshin hannun sitiyari bayan tafiyar farko.

Kammalawa

Mun ga cewa gwiwa tana rayuwa muddin mai bai haɗu da giris ba, ƙura ba ta shiga ba, boris kuma yana matse daidai gwargwado. Mai mota ba sai ya iya riƙe sifana ba kafin ya kare kansa. Ya isa ya riƙa leƙa bayan ƙafafun gaba yana neman baƙin mai, in kuma ya kai gareji, ya tambayi makanike ina ya ajiye fallayen, da me kuma zai auna matsin boris. Amsar da ya samu za ta nuna masa irin hannun da ya damƙa wa motarsa.